Haddar da Ta Kayar da Ni a Jarrabawar Gas

Ranar walimar gidan Alhaji Issa na ji wani daga cikinku, ba zan kama suna ba, ya san kansa, yana cewa wai jarrabawar lasisin aikin gas ba jarrabawa ba ce, tunda da littafi a hannu ake shiga. Wai shi ko sati biyu aka ba shi zai cinye. Ina riƙe da farantin shinkafa a lokacin, shi ya sa na ƙyale shi, don ba na son musu da abinci a hannu. Yau hannuna babu komai, sai ku gyara zama. Ni Sa'idu da kuke kira Baba Mai Gas, wannan jarrabawar da kuke rainawa ta taɓa kayar da ni warwas, kuma ba don ban yi karatu ba. Na yi karatun da babu ɗayanku da zai iya rabinsa.

Ni mutumin Zariya ne, daga cikin birni. Mahaifina malami ne, a gidanmu littafi ya fi kwanon abinci yawa. Amma hannuna ya fi son ƙarfe, sai na tsallaka Sabon Gari na koyi gyaran risho da kukar gas. Da Allah ya kawo ni nan Amurka, garin Greensboro, shekara biyu na yi ina ɗora kwali kan kwali a wani sito da ke Wendover. Rannan hitar gidan hayarmu ta mutu, aka turo wani dogon Bature mai furfura, Mista Harold. Na tsaya a kansa ina kallo. Sau uku ina miƙa masa abin da yake nema kafin ya buɗe baki. Cikin satin na ajiye kwali na shiga motarsa. Sa'idu ya gagare shi faɗi, sai ya datse sunan ya koma Sid.

Aikina na farko da shi wani gida ne a Pleasant Garden, inda shi ma yake zaune. Kun san gidajen can, akwai ɗan sarari a ƙarƙashinsu wanda da rarrafe ake shiga, ta nan bututu yake bi. Jar ƙasa, yanar gizo, wani lokaci saɓar maciji. Na ɗaure mahaɗa biyu, ya buɗe gas daga tanki, ya ce in duba ko akwai yoyo. Ni kuwa sai na zaro ashana daga aljihu. Haka muke yi a Sabon Gari: ka ƙyasta, ka zagaya da ita bakin mahaɗa, in ɗan harshen wuta shuɗi ya tsaya, ka ƙara ɗaurewa. A filin Allah muke yi, iska na kaɗawa, Allah kuma na tsarewa. Ban kai ga ƙyastawa ba na ji an make hannuna. Tsohon nan ya kama ƙafar wandona ya jawo ni waje kamar buhun masara, fuskarsa ta yi ja wur. Ya ce gas na tanki ya fi iska nauyi, in ya zuba ba ya tashi, kwanciya yake yi a ƙasa, daidai inda muke kwance, kuma a samanmu akwai tsohuwa tana kallon talabijin. Ya danƙa mini gorar ruwan sabulu da ɗan buroshi. Ka shafa, ka jira, in ya yi kumfa akwai yoyo. Tun daga ranar ashana ba ta sake shiga aljihun aikina ba.

Ku masu cewa ɗaure bututu ne kawai, ku ɗauki sufanar bututu biyu tukuna. Biyu fa, ɗaya ta riƙe, ɗaya ta murɗa. Wanda ya murɗa da ɗaya, yana ɗaure nan yana kwance wata mahaɗar a cikin bango inda idonsa ba ya gani, sai bayan wata shida mai gida ya fara jin warin ruɓaɓɓen ƙwai a ɗakin 'ya'yansa. Akwai injin da ke yanka haƙora a bakin baƙin bututu, shan mai gare shi, man kuma in ya kama riga ya aure ta. Uwargidana Hajiya Binta tun watan farko ta kafa doka, kayan aikina ba sa shiga injin wanki tare da na kowa. Sai geji, ɗan agogon awon iska, wanda na fi girmamawa a duk kayan. In ka gama layi, ka toshe bakunansa, ka hura masa iska, ka zuba wa allura ido. In ta tsaya, ka kira sufeto ya zo ya gani ya sa hannu. In ta sauka ko da kaurin gashi ne, ka koma rarrafe. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, wajen awon hatsi ake wannan maganar, ba a wajenmu ba.

Sunan ɗan Alhaji Issa na uku ba aiki aka kira ni ba, amma ba na manta shi. Alhaji Issa kun san shi, mutumin Damagaram, babban abokina a ƙasar nan. Tsakiyar sanyi ne, a gidansa na McLeansville. Na zo da wuri in taya shimfiɗa, na tarar da mata bakwai a gareji, ƙofa a rufe ruf, murhun gas uku irin na waje suna ci, manyan tukwane na tafasa. Wata na riƙe da kai, wata ta ce jiri take ji, wai gajiya ce. Ko sallama ban yi ba na danna maɓalli ƙofar ta tashi sama gaba ɗaya. Kai, na sha zagi ranar! Wata Anti ta ce in kai ba ka jin sanyi mu mutane ne. Na ce Anti, ki zage ni da ranki ya fi mini in zo zaman makokinki. Abin da wutar gas ke fitarwa a rufaffen wuri ba shi da wari, ciwon kai yake fara aikowa, daga nan barci. Alhaji Issa ya ji bayani ya ce, "Bon, Malam Sa'idu ya yi gaskiya, a fito da marmit, tukwanen nan, waje." A tsakar gida aka ƙarasa girkin, ana ta harara ta.

Bature in ya kira ka, farashi yake tambaya da takarda. Namu kuwa sai an gaisa, an kawo shayi, sannan a ce, "Malam, ɗan leƙa mana murhun nan ranar Asabar, ai ba sai an sa gwamnati a ciki ba." Na ɓata da mutane da yawa a kan wannan. A jihar nan ba ka jan layin gas sai da takardar izini, takardar kuma mai lasisi ake ba. A shagonmu lasisin na Mista Harold ne. Shi ke fitar da kaurin bututun da za a sa, shi ke zuwa ofis, shi ke magana da sufeto, ni in yanka in ɗaure. Shekara tara hakan bai dame ni ba. Cikina a ƙoshe, 'ya'yana na makaranta, me zan nema?

Sai dubu biyu da takwas ta zo. Ku yara ne lokacin. Gine-gine suka tsaya cik. Akwai wata sabuwar unguwa da muka sa wa gida shida bututu, muka koma bayan wata biyu muka tarar da su tsaye babu tagogi, leda na kaɗawa, magini ya yi layar zana. Manyan kamfanoni na sallamar mutane, har sitocin Wendover suka daina ɗauka. Mu abin da ya riƙe mu tsofaffin kwastomomin Mista Harold ne, don hita ba ta san tattalin arziki ya lalace ba, in lokacinta ya yi mutuwa take yi. Sunayensu na cikin wani akwatin katako, kowa da katinsa, fiye da shekara talatin yana tarawa.

Cikin watan Afrilu muna cin abincin rana a bayan mota, ya ce gwiwoyinsa sun gama. Likita zai yi masa aiki, ƙarshen Disamba kuma zai ajiye. "Sid," ya ce, "in ka samo lasisinka kafin nan, mota da kaya da akwatin katunan naka ne. In ba ka samo ba, dole in miƙa mutanena ga wani kamfani, don ba zan bar tsofaffi cikin sanyi babu mai zuwa musu ba." Ban ga laifinsa ba. Amma shekarata arba'in da bakwai, a shekarar da ko saurayi mai jini a jika ba ya samun aiki. Tsoro ya kama ni, tsoro sosai. Washegari ya zo da takardun shiga jarrabawa, ya shaida shekarun da na yi a hannunsa. Sannan ya ciro wani tsohon littafi, bangonsa ya yi baƙi da mai, gefen shafukan duk rubutun fensirinsa. Ya ce, "Da wannan na ci tawa. Ka ajiye." Ya kuma ce in sayi littattafan da aka lissafa a takardar. Wannan maganar ta biyu ta shiga ta nan ta fita ta can.

Sai kun tuna inda na fito kafin ku yi mini dariya. A gidanmu in malami ya ɗauki littafin da ya yi karatu da shi ya miƙa maka, ya gama magana. Ya ba ka karatun, ya ba ka izini, ya ba ka albarkar da ke ciki. Kuma a wurinmu littafi in ya tsufa daraja yake ƙarawa, ban taɓa jin mahaifina ya ce sabon bugu ya soke tsoho ba. Na kai littafin gida na naɗe shi da ƙyalle mai tsabta. Na ƙudurta zan yi masa abin da ɗan gidan malamai yake yi wa littafi, wato in haddace shi. Da na ji wai da littafi ake shiga ɗakin jarrabawa, tausayin Turawa ma na ji. Na ce oh, bayin Allah, ƙwaƙwalwa ta yi musu ƙaranci.

Wata huɗu na yi. Bayan sallar asuba in fita filin ajiye motoci na gidan hayarmu, ina kai da kawowa ina maimaitawa. Dokokin ba su ba ni wuya ba. Jadawalin ne aiki: tsawon bututu a gefe, kauri a sama, lambobi a tsakiya kamar tururuwa. Na sa musu kari, ƙafa goma kaza, ƙafa ashirin kaza, har na iya rera shafi guda babu tuntuɓe. Wata maƙwabciyarmu ta tambayi Hajiya wace addu'a ce mijinta ke yi mai lambobi da yawa haka. Alhaji Issa ya zo ya gwada ni, ya buɗe ko'ina ya karanto farkon layi in ƙarasa. Ya tafa hannu ya ce, "Wala! Wannan egzamen an gama da shi. Zariya ba wasa ba." Kaina ya ƙara girma.

Hajiya ce kaɗai ta yi magana. Rannan tana share tebur ta ɗauki takardar hukumar ta karanta.

"Malam, nan fa sun rubuta shekarar bugun da suke so. Naka ya girme shi nesa ba kusa ba."

Na ce, "Hajiya, bututu ya canza ne? Ko gas ya sake wari? Wanda ya san uwa ai ya san 'ya."

"Ni dai na faɗa."

"Kin faɗa, na ji. A kawo shayi."

Allah ya saka wa matan nan. Mista Harold kuwa in ya tambaye ni yaya karatu, sai in ce lafiya lau, bai taɓa tunanin ya tambayi wane littafi ba.

A watan Agusta na je. Wani ofishi ne a bene na biyu, na sa farar riga. A layi na ga ƙarti kusan goma, kowa da sabon littafi mai kauri, gefensa cike da 'yan takardu masu launi, ja, kore, rawaya, kamar an yi wa keke ado. Matar da ke ƙofa tana duba littafin kowa. Ta karɓi nawa ta juya shi, ta ce wannan ba ya cikin waɗanda aka yarda a shiga da su, ga kuma rubutun hannu a ciki. Ta ce in ina so in koma a sake mini rana. Na yi murmushi na dafa ƙirji na ce ba komai, yana nan. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ka tabbata, yallaɓai?" Na ce na tabbata. Na shiga hannu rabbana, ina tafiyar ƙasaita.

Tambaya ta farko da ta biyu na amsa kafin na kusa da ni ya buɗe bango. Daga ta biyar abin ya fara. Na jawo lambar daga ka tsaf, na duba amsoshi huɗu da ke kan kwamfuta, babu ita. Na sake rerawa a zuci daga farkon shafi, lambar dai ita ce, kuma babu ita. Sai aka shiga tambayoyi kan rawayan bututun nan mai lanƙwasa, wanda da hannuna na sa a gidaje ba adadi, amma lokacin da aka buga littafina ba a ƙirƙiro shi ba, balle jadawalinsa. Wata tambayar ta ce a duba jadawali kaza a babi kaza, a kaina kuwa babin nan maganar bututun hayaƙi yake yi. Ashe jihar ta ajiye tsohon littafin gaba ɗaya ta ɗauki wani tun shekarun baya. Gumi ya jiƙa farar rigar. Ko'ina ƙarar shafi kake ji, ni kuwa ina zaune hannu biyu a kan cinya. Da lokaci ya cika na'ura ta turo sakamako nan take. Matar ta ninke takardar kafin ta miƙo mini.

Dokarsu sai an jira wata uku kafin a sake. Ku lissafa da kanku: ƙarshen Nuwamba ke nan, in na sake faɗuwa babu ta uku kafin Disamba. Kwana biyu ina ɓoye wa Mista Harold. Ranar Litinin muna canza tankin ruwan zafi a wani gida na gaya masa komai, har da haddar. Ya ajiye sufana.

"Ka haddace? Wancan littafin? Duka?"

Na ce duka, in yana so in biya masa yanzu. Na zaci zai yi dariya, ko ya yaba. Ransa ne ya ɓaci.

"Tsaraba na ba ka, Sid, ka ajiye ka riƙa tunawa da ni. Ka taɓa ganin na faɗi kaurin bututu ban je mota ba?"

Sai na tuna. Gaskiya ne, kullum kafin mu fara aiki yakan zauna a mota minti biyar ƙofa a rufe. Ni duk shekarun nan na ɗauka kofi yake sha.

"Littafi nake buɗewa, kuma na san amsar. Ranar da ka gaji, ko ka yi faɗa da matarka, ko aka canza doka ba ka ji ba, kanka zai ba ka lamba har da rantsuwa, kuma ba daidai ba ce. Masu jarrabawar nan so suke su ga ko kai mai dubawa ne. Ni ma ba zan ba da mutanena ga wanda ya fi yarda da kansa a kan littafi ba, ko da ya ci."

Wannan ta ƙarshen ta fi faɗuwar yi mini ciwo. Na ji kunya har cikin ƙashina.

A ranar na sayi sabon littafin. Hajiya ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Sai ta sayo 'yan takardun nan masu launi ta ajiye a kan tebur ta wuce kicin. Liƙa su ne ya fi ba ni wuya. Mu da aka tasa a kan ba a ninke kunnen shafi, ba a ɗora komai a kan littafi, yau ga ni ina manna masa kore da ja. Sai da na daɗe ina jujjuya ta farko kafin na liƙa. Amma in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Hajiya ta ɗauko agogon kicin, mai ƙararrawar nan da take dafa ƙwai da shi. Kullum in na dawo aiki sai ta karanto tambaya daga littafin gwaji, ta murɗa agogo minti biyu. Doka ɗaya ta kafa: ba a amsawa sai yatsa na kan layi. Sau nawa amsa ke kuɓuce mini kafin in ankara, sai ta ce, "Malam, ban tambaye ka amsa ba, shafi na tambaye ka." In na ce ai na sani, ta ce, "Wancan karon ma ka sani." Kai, matar nan ta rama! Wata rana na fusata na rufe littafin na ce ni ba yaro ba ne. Ta bar agogon yana tafiya har ya yi ƙara, ta ce, "Ka faɗi wannan. Ta gaba." Na buɗe.

Goge hadda ya fi yin ta wuya. Tsohuwar lamba da gudu take zuwa, da karinta da komai, sabuwa kuwa sai ka nemo ta. Dole na koyi inda kowane abu yake kwana, jadawalin rawayan bututu daban da na baƙi, na gas ɗin tanki daban da na gari. Wanda ya buɗe jadawalin da ba shi ba zai sami lamba kyakkyawa, har ma ya gan ta cikin amsoshi huɗun nan, don da gangan suke sa ta. Wannan ne ku masu sati biyu ba ku sani ba. Littafin yana hannunka, amma shafukansa ɗaruruwa ne, agogo kuma ba ƙaninka ba ne.

Ƙarshen Nuwamba na koma. Matar nan ce dai a ƙofa. Ta karɓi littafin ta ga adonsa, ta ce, "Yau ka zo da abokin tafiya." Na ce na zo da shi. Babu tambayar da na amsa ban sa yatsa ba, har waɗanda ko daga barci aka tashe ni zan faɗa. Saura minti shida na gama, kuma na ci. Na yi hamdala a tsaye, na kira Hajiya daga filin mota, ta rangaɗa guɗa har na janye waya daga kunne.

Sai dai ban manta maganar Mista Harold ba, cin jarrabawa daban, ba da mutanensa daban. Na wuce Pleasant Garden kai tsaye, ana yayyafi mai sanyi. An yi masa aikin gwiwa sati biyu kafin nan, yana falo ƙafa a miƙe kan matashi. Na miƙa masa takardar, ya sa tabarau ya karanta har ƙasa, ya ce madalla, ya ajiye a kan tebur. Bai ce uffan game da mota ko akwati ba. Matarsa ta kawo kofi. Muka yi hirar gwiwa, muka yi hirar likita, idona na kan takardar. Can sai ya ce, kamar yanzu abin ya faɗo masa, 'yarsa na so ta cire murhun lantarki ta sa na gas.

"Gas na gari, baƙin bututu, ƙafa arba'in daga mitar gas, murhun kaɗai a layin. Rabin inci zai ɗauka, ko?"

Wannan tambayar ko kai mai sati biyu ka bi ni wata ɗaya za ka amsa. Mun yi irinta ba adadi. Amsar ta taho har bakin haƙorana, na haɗiye ta. Na tambaye shi murhun nawa yake ci, ya faɗa. Na ce ina zuwa. Na fita cikin yayyafin ko hula babu, na bi doguwar hanyar gidan har bakin titi inda na ajiye motata, na sa littafin cikin riga kada ya jiƙe, na dawo. Na zauna a gabansa na kama koriyar takarda na buɗe, na bi layin ƙafa arba'in da yatsa har ƙarƙashin rabin inci, na juya littafin ya gani. Na ce, "Zai ɗauka." Ita ce dai amsar da ke bakina tun farko.

Ya dubi yatsana, ya dubi ruwan da ke ɗiga daga kaina kan kafet ɗin matarsa. Sai ya ɗaga murya ya ce ta ɗauko makullan da ke rataye a kicin, da akwatin katako. Da hannu biyu ya ɗora mini shi a cinya. Ya ce, "Tsohuwar da ke kati na uku ba ta ji sosai, ka riƙa buga ƙofa da ƙarfi." Na rungume akwatin, idona ya kawo ruwa don daɗi da kewa.

Da na isa gida, bayan Hajiya ta gama tsiyarta ta kawo abinci, na buɗe akwatin ina bin katunan ɗaya bayan ɗaya. Sai ga katin 'yar tasa, da rubutun fensirinsa, na shekara bakwai da suka wuce: murhun gas, rabin inci, ƙafa arba'in, ni da Sid. Ashe tuni murhun yana gidanta, gwada ni tsohon ya yi, kuma da hannuna na ɗaure bututun nan. Ni da na haddace littafi guda, wallahi ko kaɗan ban tuna ba.